SHATAR MOTA: INA HAƘƘINKA, INA NA DIREBA?

Wannan jawabi ne da aka gabatar wa 'yan'uwa matasa masu hidimar tafiye-tafiye. Mun rubuto maku shi kamar yadda ya zo.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (S) da alayensa da sahabbansa.

Maganarmu yau a kan shatar mota ce. Wani zai ce wannan ai zancen tasha ne, me ya kawo shi majalisin karatu? To, ku ake aike tashar. In za a je ɗaurin aure ko ta'aziyya ko taro a wani gari, matashi ake damƙa wa kuɗin da aka tattara, a ce je ka kamo mana bas. A cikin kuɗin nan akwai na wanda sai da ya ranto. Ranar tafiya a fito tun asuba, babu mota, a kira direba waya a kashe, ashe ya samu lodin da ya fi tsoka ya wuce. Sai ka ga ɗan'uwa ya nufi tasha yana huci, alhali bai san ma me zai nema ba.

Shata a fiƙihu kira'i ce, wato haya, kuma ƙulli ne mai lizimta. Ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce da cika ƙulle-ƙulle. Malamanmu sun yi bayanin wannan babi tun zamanin raƙuma da jakuna, kuma hukuncin bai canza ba don dabba ta koma ƙarfe. Mai Risala, Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, ya raba hayar abin hawa gida biyu, kuma a nan mafi yawan rigimarmu take.

Na farko, ka nuna mota ka ce waccan nake so, ita da kanta. Na biyu, ka ce wa mai mota kai mu gari kaza, mutum goma sha takwas ne, ba ka ayyana wata mota ba, kai wa ɗin yana wuyansa. Alal misali kun yi shata daga Kano zuwa Kaduna a kan N150,000, kuna isa Zariya inji ya buga. In wadda aka ayyana ce, haya ta warware a abin da ya rage. An ci kusan kashi biyu cikin uku na hanya, direba ya riƙe kimanin N100,000, ya maido sauran, ku nemi wata. In kuwa lamuni ya ɗauka na kai ku, to wajibinsa ne ya kawo wata mota, kuɗin juye kuma daga aljihunsa. Ka ga kalma ɗaya da ka faɗa a tasha ita ta raba hukunci biyu. Don haka in da kamfani ko 'yan ƙungiya kuke ciniki, ku ƙulla a kan kai wa.

Sai kafin alƙalami. Imam Malik a cikin Muwaɗɗa ya yi bayanin abin da ake kira urbun, har ya buga misali da hayar dabba: ka ba da wani abu a kan in an yi tafiya yana cikin kuɗin, in ka fasa ya zama na mai dabba. A wurinsa wannan sharaɗi bai halatta ba, cin dukiya ce ba a bakin komai ba. Imam Ahmad ya halatta. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta ɗauki halascin, da sharaɗin a yanke lokacin jira. Tunda akwai saɓani, kar ka miƙa sisi sai kun faɗi makomarsa da baki. Amma ku lura, duk wannan a kan in kai ka fasa ne. In direba ne ya ƙi zuwa, ba wani malami da ya ce ya riƙe kuɗinka.

Dokar ƙasa ma ta yi magana. Akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 120 ya ba ka damar soke abin da ka kama tun kafin lokaci, mai mota kuma ya cire wani abu daidai gwargwado, ana duba tun yaushe ka sanar da shi, da ko zai iya samun wani fasinja a madadinka. Wanda ya fasa da saura mako guda ba ɗaya yake da wanda ya fasa mota na ƙofar gida ba. In rasuwa ce ko kwanciya asibiti ta wanda aka kama motar dominsa, ba a cire ko kwabo. Rubutun nan da suke bugawa a ƙasan rasit, wai ba a maido da kuɗi bayan an biya, a 2022 Babbar Kotun Jihar Inugu ta ce ya saɓa wa doka. Wani lauya ne ya yanki tikitin N500, aka shanya shi sa'o'i a tasha, ya nemi kuɗinsa aka hana. Kotu ta sa kamfanin ya biya shi diyyar N500,000.

Wata rigimar kuma ƙarin kuɗi ce. Kun tuna da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da N200 ta haura N500 a nan Arewa. Ciniki in ya faɗa ya faɗa, direba ba shi da ikon tsayawa a dokar daji ya ce sai an ƙara. Amma in ya zo tun kafin a tashi ya ce, Malam, mai ya ninka, ku dube ni, to ku dube shi. Ƙarin nan kyautatawa ce daga gare ku, shi ma iyali ya baro a gida.

Kar kuma mu ɗauka kullum mu ake zalunta. An yi da ku ƙarfe shida, ba ku fito ba sai tara. An yi mutum goma sha takwas, kun cusa ashirin da biyar da buhunan tsaraba. An yi Kaduna, kun ce a ɗan leƙa Kaciya. Wanda ya ƙetare abin da aka yi sharaɗi a kaya ko a nisa, in mota ta lalace saboda haka, shi zai lamunce.

Saboda haka ku rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Takarda ɗaya ta isa: lambar mota, rana da lokaci, inda za a je, yawan mutane, jimlar kuɗi, abin da aka bayar, waye zai sha mai, da abin da za a yi in wani ya fasa. Ku yi a ofishin ƙungiyar direbobi, gaban shugaban layi, ba a bakin titi da ɗan kamasho ba. In aka saɓa, can za ku fara komawa, don su sun san inda za su samo shi. In abin ya faskara, sai hukumar kare masu saye ko gaban alƙali, da takardarku da shaidu biyu. Ban da tare mota, ban da ƙwace makulli.

Mai tambaya ya rubuto, za mu amsa bayan sallar La'asar insha Allah.