Injin Da Ba Ya Shan Mai: Gaskiya Ko Mafarki?



Ina godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ba ni damar tsayawa a gabanku, ko da yake na san a cikin zauren nan akwai waɗanda suka fi ni sanin abin da zan faɗa nesa ba kusa ba. Batuna shi ne injin nan da ake cewa in an tashe shi sau ɗaya zai yi ta aiki har abada, ba fetur, ba gawayi, ba rana, ba iska.

Ga abin da ya sa na zaɓi wannan batu. A hutun da ya wuce wani dattijo maƙwabcinmu, ƙaramin ma'aikacin gwamnati, ya kira ni zaurensa, ya ce an kai shi wani shago an nuna masa janareta marar shan mai, ya ga ƙwayayen lantarki sun kama, fanka tana juyawa, har ya ba da kafin alƙalami daga kuɗin adashinsa. Ba wanda zai ga laifinsa, gama tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kowa ya san yadda ciyar da janareta ya koma. Sai ya ce mini, "Ɗana, kai da kake jami'a, me ka gani?" Na ce, "Baba, abin ba zai yiwu ba." Ya ce, "Don me?" Nan fa na yi ta inda-inda, na gane ashe haddar ƙa'ida daban, iya bayyana ta daban. Amsar da na kasa bayarwa a wannan rana ita na kawo muku yau.

Da fari ya kamata mu san cewa wannan buri tsoho ne ƙwarai, kuma manyan masu basira sun faɗa cikinsa. Wajen shekara ta 1150 wani shahararren masanin lissafi na ƙasar Indiya, Bhaskara, ya siffanta wani wili da aka ɗaura wa mazubai masu zaiba a ciki. Tunaninsa shi ne, zaibar za ta riƙa gangarewa nesa da tsakiya a gefe ɗaya, ta matso kusa a ɗaya gefen, saboda haka kullum gefe ɗaya zai rinjaya, wilin ya yi ta juyawa. A ƙarni na 13 wani Bafaranshe mai zanen gine-gine, Villard de Honnecourt, ya zana irin wannan wili da guduma-guduma masu lilo. A 1618 kuma wani likita Bature na Ingila, Robert Fludd, ya kawo shawarar injin niƙa wanda ruwa zai zubo ya juya shi, shi kuwa injin ya niƙa hatsi, sa'an nan ya mai da ruwan sama don ya sāke zubowa. Duk cikinsu ba wanda ya yi aiki. Irin waɗannan zane-zane suka yi ta kwarara har a 1775 Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa ta yanke shawarar cewa ba za ta ƙara duba ko ɗaya ba.

To, me ya hana wilin Bhaskara juyawa? In mutum ya zana shi a takarda ya ƙidaya, zai tarar gefen da nauyin ya yi nisa da tsakiya mazubansa kaɗan ne, gefen da nauyin ya matso kusa kuwa mazubansa sun fi yawa, sai wannan ya biya wancan. Bugu da ƙari, duk nauyin da ya gangaro daga sama tilas a sāke hawar da shi daidai tsawon da ya sauko, kuma abin da ya bayar wajen saukowa shi zai karɓa cif wajen hawa. Wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya ya san cewa guga ba ta hawowa da araha don ta sauka da sauri.

Wannan shi ya kai mu ga ƙa'ida ta farko. A cikin shekarun 1840 James Joule na birnin Manchester ya rataya nauyi a igiya, nauyin yana saukowa yana juya wasu filafilai a cikin ruwa, shi kuma yana auna yadda ruwan ke ɗumi. Ya tarar kullum aiki kaza zafi kaza yake haifarwa, ba ƙari ba ragi. A ma'aunin yau, sai nauyin kilo 427 ya faɗo tsawon mita 1 kafin a ɗumama lita 1 ta ruwa da digiri 1. A 1847 Hermann von Helmholtz na Jamus ya tsara maganar ta zama ƙa'ida, watau ƙarfin yin aiki, wanda muke kira makamashi, ba a ƙirƙirarsa, ba a kuma hallaka shi, sai dai ya sāke kama. Fetur ya zama zafi, zafi ya zama juyi, juyi ya zama lantarki, lantarki ya zama haske. Saboda haka inji, kome kyansa, ɗan canji ne kurum: abin da aka miƙa masa shi yake juyawa ya mayar.

Ƙa'ida ta biyu ta fi ta farko tsanani, domin ta ce ɗan canjin nan ba ya aiki kyauta. Wanda ya kai naira Wapa ya canja ta zuwa sefa, sa'an nan ya juya sefar zuwa naira, ya yi ta yin haka tun safe, kafin la'asar zai koma gida hannu rabbana, alhali ba wanda ya yi masa sata. Haka makamashi yake. Duk inda ƙarfe ya gogi ƙarfe, ko bel ya ja wili, ko lantarki ya bi waya, sai wani kashi ya zama zafi ya bi iska, kuma zafin da ya watse ba ya taruwa da kansa ya dawo. Giris da boris suna rage wannan hasara, amma ba sa kawar da ita. Tun a 1824 Sadi Carnot na Faransa ya nuna cewa injin da ke aiki da zafi sai ya sami wuri mai zafi da wuri mai sanyi, kamar yadda ruwa ba ya gudu sai da gangara, kuma tilas ya zubar da wani kashi na zafin. Shi ya sa injin mota ke watsar da fiye da rabin ƙarfin fetur ta salansa da lagireto.

Yanzu bari mu auna janaretan da aka nuna wa maƙwabcina da waɗannan ƙa'idodi biyu. Yawanci abubuwa uku ne a cikinsa: batir, da injin juyi mai cin lantarki, da janareta mai ba da lantarki. Batir ya tashi injin juyi, injin juyi ya juya janareta, janareta ya cika batir, wai har ya yi rarar da za a haska gida. Wannan injin niƙan Fludd ne aka sāke wa riga. Mu ɗauka, alal misali, injin juyin yana mayar da 80 cikin kowane 100 da ya karɓa, janaretan ma haka. In 100 ya fita daga batir, 80 zai isa janareta, 64 ya komo. Zagaye na biyu 41 zai komo, na uku 26, na huɗu 17, tun ba a kunna ko ƙwai ɗaya ba. Ƙara masa wili mai nauyi ba ya canja lissafin, don wili ajiya yake yi, abin da aka zuba masa shi zai fitar. Maganaɗisu ma haka: abin da ya ba ka sa'ad da ya jawo ƙarfe, shi za ka biya sa'ad da za ka raba su.

Wani zai ce, ai gani ya kori ji, mutane sun ga fitila ta kama. Lalle ta kama, amma daga batir. Babban batir irin na sola mai amfiya 200, in an cika shi, yana iya riƙe ƙwayaye 10 masu wat 10 kusan yini da kwana. Nunin awa ɗaya a shago bai tabbatar da kome ba. Ido kuwa an daɗe ana ruɗinsa. A 1813 wani mai suna Charles Redheffer ya kafa irin wannan inji a New York yana karɓar kuɗin kallo. Injiniya Robert Fulton ya lura juyin ba ya tafiya daidai, kamar dai hannun mutum ne ke yinsa, ya ɓamɓare wasu katakai, sai ga siririyar igiya ta bi ta bango zuwa wani ɗaki a sama, inda aka tarar da wani tsoho yana juya mariƙi da hannu ɗaya yana cin burodi da ɗayan. A zamaninmu ma, a 1996 wata kotu a jihar Ohio ta Amurka ta sami Stanley Meyer, mai da'awar motar da ke tafiya da ruwa, da laifin zamba, ta umarce shi ya mayar wa mutum biyu kuɗinsu. A 2006 wani kamfani na birnin Dublin, Steorn, ya ƙalubalanci masana su gwada injinsa na maganaɗisu, a 2009 kwamitin masanan ya ce bai ga wata rarar makamashi ba.

Akwai hujjoji uku da akan kawo, kuma sun cancanci amsa. Ta farko, wai ai dā an ce mutum ba zai tashi sama ba. Amsa ita ce tsuntsu yana tashi tun fil azal, jirgin sama bai karya wata ƙa'ida ba, dabara ce ta rage a gano, alhali ba a taɓa ganin wani abu a cikin halitta da ke ba da fiye da abin da ya karɓa ba. Ta biyu, wai ga duniya tana juyawa ba mai. Haka ne, domin a sarari ba abin da ke gugarta sosai, amma da zarar an ci wani abu daga juyin sai ya ragu: tunkuɗowar teku da janyewarta suna tsawaita yini da kimanin kashi 2 cikin 1000 na daƙiƙa a kowace shekara 100. Ta uku, wai kamfanonin mai ne ke danne asirin. In haka ne, me ya hana su danne farantan sola, waɗanda ga su nan jibge a kasuwanninmu?

Sola ɗin nan ma ita ce ke nuna mana inda kyauta ta gaskiya take. Da tsakar rana kowace murabba'in mita tana samun wajen wat 1000 na hasken rana, faranti mai kyau kuwa yana mai da kimanin kashi 20 cikin 100 lantarki. Madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, ba ta shan mai, amma ba ita ke mai da ruwanta sama ba: rana ce ke ɗebe shi daga teku, hadari ya kawo shi, ya zuba a tudu, ya gangaro ta Kogin Kwara. Allah Maɗaukakin Sarki ya hore mana rana da iska da ruwa, ya kuma tsara su bisa ƙa'ida, aikin mai ilmi shi ne ya san ƙa'idar ya ci moriyarta.

'Yan'uwa, da yawa cikinmu gobe za mu zauna a ofisoshi inda za a kawo irin wannan inji ana neman sa hannunmu a kan dukiyar jama'a. Tambaya ɗaya ta isa: daga ina ƙarfin yake shigowa? In an nuna rana, ko iska, ko ruwa mai gangara, sai a zauna a yi lissafi. In an ce daga cikin injin kansa ne, to, a nemi a cire batir, ko a ɗora masa kaya masu cin wuta a rufe ɗaki mako guda, mabuɗi yana hannunku. Wannan gwajin muka nema a madadin maƙwabcina, mai shagon ya ce injinsa ba ya kwana a gidan wani sai an gama biya. Da ƙyar aka karɓo rabin kafin alƙalamin.

Sai dai ina roƙonmu da mu bambanta macuci da mai neman sani. Yaron da ya tsinci kwayil da maganaɗisu a bola ya kwana yana haɗawa, irinsa ƙasar nan take bukata, kuma dariya ba za ta amfane shi da kome ba. A zauna da shi a yi masa lissafin 100 da 64, a ba shi ma'auni ya gwada da hannunsa, sa'an nan a nuna masa injin ban ruwa mai aiki da rana, ko murhu mai rage cin itace, inda basirarsa za ta haifi abin da manomi da uwargida za su mora. In mun yi shiru shekarunsa za su tafi a banza, kuma alhakin yana wuyan mu da aka kashe wa kuɗi muka yi karatu.

Mai girma Shugaba, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi. Kurakuran da na yi ina fatan malamaina za su gyara mini. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani.