JAWABIN KWAMITI A TARON BIRNI: YADDA ZA MU ƘARA YAWAN 'YAN RESHEN KWALE-KWALE

 

Iyayenmu dattawa, Allah ya ƙara muku girma. Sarkin Ruwa, ranka ya daɗe. Malamai, Allah ya gafarta. Iyayenmu mata, 'yan'uwa mazauna Birni da Zango da Sabon Gari, da waɗanda suka taso tun daga gida, muna yi muku barka da zuwa. 'Yan'uwanmu da ke ci-rani a Kano da Maraɗi da Yamai da Agadas, waɗanda wannan takarda za ta iske a masauki, muna gaishe ku da aiki.

Magana ɗaya ce kwamiti ya ɗora mana mu kawo yau, watau maganar reshen masu kwale-kwale na ƙungiyarmu. Wanda duk ya duba littafin sunaye ya ga abin da muka gani. Waɗanda suka iya riƙon filafili sun yi furfura, waɗansu sun riga mu gidan gaskiya, samari kuwa ba su shigowa. In aka tafi a haka, nan da 'yan shekaru jirage za su ruɓe a bakin tafki, kifinmu kuma baƙi za su riƙa kamawa suna sayar mana.

Mun sani a nan Birni in ka ce kwale-kwale sai a yi maka dariya, a ce Damagaram da ke fama da ruwan sha ina ta ga na shiga jirgi. Gaskiya ne ba mu da kogi, amma muna da tafkuna. Ga na Gidimuni a gabas, kan hanyar Gure, ga kuma na Lasuri. Duniya ma ta san da zamansu, domin an sa Lasuri a 2005, Gidimuni kuma a 2019, cikin jerin wuraren dausayi da ake kiyayewa bisa yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971. Tarwaɗa da karfasa da ake soyawa a Kasuwar Dole, da yawansu daga tafkunan ƙasar nan suke fitowa.

Har wa yau muna da gwanaye. Shekara da shekaru mutanenmu suna tafiya tafkin Cadi, wajen Boso da Gigimi, suna su, suna banda. Da fitina ta kai Boso da Difa a watan Fabrairu na 2015, kuma aka kwashe mutane daga tsibiran tafkin a wannan shekarar, da yawansu suka komo gida hannu wofi. Amma sun komo da sana'a a ka. Sun san harhaɗa jirgin katako, sun san toshe shi in ya yi yoyo, sun san yadda ake karanta iska kafin a shiga ruwa. Wannan ilmi ba a rubuce yake ba, ranar da mai shi ya kwanta dama ya tafi da abinsa.

Sa'an nan ku tuna da daminar 2024. Ruwan da aka yi a shekarar shi ya rushe tsohon masallacin nan na Birni ranar 3 ga Satumba, masallacin da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19. A ƙauyuka kuwa tafkuna suka cika suka batse, hanyoyi suka yanke. A irin wannan rana, garin da ke da jirgi da matuƙi shi ke iya ƙetarar da mara lafiya da mace mai naƙuda. Saboda haka wannan reshe bai tsaya ga masunta ba, na kowa ne.

To, me ya sa muke neman yawa? Dalili na farko doka ce. Dokar ƙungiyoyin gama-kai ta OHADA, wadda aka zartar a Lome a 2010, kuma ƙasarmu ke aiki da ita, ta ce mutum 5 sun isa su kafa ƙaramar ƙungiya, amma babba mai majalisar gudanarwa sai da mutum 15 ko fiye. Mu babbar muke so, don ita ce ake saurara in an je gaban magajin gari ko ma'aikatan ruwa da gandun daji. Dalili na biyu kuɗi ne. Katako da ƙusa da kwalta da koma duk sun yi tsada, abin da ya gagari mutum goma ba ya gagarar hamsin. Na uku aiki ne. Ciyawar kacalla tana cin bakin tafki kowace shekara, ba kuwa mai iya sare ta sai gayya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yanzu sai mu zo ga hanyar kiran mutane. Kowane zamani da irin shelarsa. Da can sanƙira ke zaga gari. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin masu sauraron rediyo a Nijar, mutane su taru gindin akwati guda, su ji, su yi shawara, a ɗauki muryarsu a mayar gidan rediyo. Zamanin Shugaba Seyni Kunce, bayan 1974, aka farfaɗo da samariya, sarkin samari ya sa a buga ganga, gari ya fito aikin gayya. Bayan haka aka yi zamanin kaset, uwa ta yi magana a ciki, a ba direba ya kai wa ɗanta a Kano. Yau kuwa ganga da kaset da direba duk sun taru cikin salular da ke aljihun 'ya'yanmu. Ga abin da kwamiti ya shirya a kanta.

Na farko, za a buɗe zaure ɗaya na WhatsApp da sunan reshen. Zaure guda yana ɗaukar mutum 1024, watau ya ishe mu har da ragowa. Mutum uku za su riƙe ƙofarsa: dattijo ɗaya, mace ɗaya, saurayi ɗaya. Ba a shigar da kowa sai wani ɗan ƙungiya ya ce ya san shi, ya san gidansu.

Na biyu, magana da murya za a riƙa yi, da Hausa, don ba kowa ya yi lakwal ba. Kowace Juma'a bayan sallar La'asar sakatare zai aika da saƙo guda wanda bai wuce minti biyu ba: inda ruwa ya kai, aikin da aka yi cikin mako, da ranar fita ta gaba. Dogon saƙo yana cinye kuɗin waya, ɗan ci-rani kuwa da lissafi yake buɗe intanet.

Na uku, zauren na aiki ne. Ba siyasa, ba talla, ba jita-jita, ba tura abin da aka tsinto a wani wuri. Gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa suna da zaurensu na babbar ƙungiya. Wanda ya karya wannan a ja masa kunne sau biyu, na uku a fitar da shi. Zaurukan da yawa sun watse a kan gardamar da ba ta shafi abin da ya tara su ba.

Na huɗu, samari za su riƙe shafin Facebook, su riƙa sa hoto da gajeren bidiyo: ranar da aka tura sabon jirgi ruwa, yadda ake ɗinkin koma, yadda dattijo ke juya jirgi da filafili ɗaya. Gani ya kori ji. Yaron da ke tura baro a Kano, in ya ga tsaransa tsaye a kan jirgi a tafkin garinsu, zai tambaya. Amma kada a sa hoton matar aure ko na yaro sai da yardar mai gida.

Na biyar, ba za mu bar marasa babbar waya a baya ba. Saƙon Juma'a za a sake faɗinsa a ƙofar masallaci da ranar kasuwa, kuma sau biyu a shekara za mu kai sanarwa gidan rediyo, kamar Anfani, don mutanen ƙauyukan da ke kewaye da mu.

Akwai gargaɗi biyu. Ɗaya kan kuɗi ne. Lambar ma'aji kaɗai ake aika wa kuɗi, ita ce za a rubuta a ƙarshen kowace takarda tamu. In wani ya kira ku da muryar gaggawa ya ce lamba ta canza, ku kashe waya ku kira shugaba. Kowane ƙarshen wata ma'aji zai karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, dala bisa dala, a cikin zaure. Ba abin da ke korar mutane daga ƙungiya kamar kuɗin da ba a san inda ya shiga ba.

Gargaɗi na biyu, suna a zaure ba shi ne zama ɗan ƙungiya ba. Ɗan ƙungiya shi ne wanda aka rubuta a littafi, yana biyan dala ɗari a wata, in yana gida kuma yana fitowa aiki. Waya kira kawai take yi, zumunta a ƙafa take. Saboda haka duk wanda ya nuna sha'awa, cikin mako guda wani daga cikinmu zai taka har inda yake. Kowane ɗan reshe kuma muna roƙonsa ya kawo mutum ɗaya kafin ruwan farko. Mutum ɗaya kawai. In kowa ya cika wannan, mun ninka.

Wanda aka kira kuwa dole ya iske abin da ya zo dominsa. Sabon shiga za a fara koya masa iyo a bakin gaɓa, da gora, kafin ya taka jirgi. Ba mai shiga jirgin ƙungiya sai da rigar ruwa, ko da gwani ne, kuma ba a ɗora wa jirgi fiye da kima. Yaro sai da izinin uba. Iyayenmu mata masu banda da suya suna da kujera a kwamiti, domin kifin da ba a gyara ba asara ne, kuma adashinsu ya fi asusunmu tsari. Bayan girbi, lokacin da 'yan ci-rani ba su riga sun watse ba, za mu yi tseren jirage. Mutanen Argungu sun fara bikinsu a 1934, don karɓar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ana su ana tseren kwale-kwale, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Ba mu ce za mu kamo su ba, amma su ma da rana ɗaya suka fara.

Waɗansu iyayenmu sun ce waya ita ta ɓata yara, yaya za a gyara da ita? Waɗansu sun ce sana'ar ruwa gado ce, ba a tallanta a kasuwa. Mun ji, kuma maganar manya ba ta faɗuwa ƙasa. Abin da ke na gidan Sarkin Ruwa yana nan a gidan Sarkin Ruwa, ba mai ɗaukarsa a waya. Abin da za a nuna shi ne abin da duk mai wucewa ta bakin tafki ke gani da idonsa. Yaran kuwa suna cikin wayar nan ko mun so ko mun ƙi, gara su ji muryar iyayensu a ciki.

'Yan'uwa na ci-rani, abu uku muke nema gare ku: ku aiko da lambobinku ga sakatare, ku nemo mana 'yan garinmu da ke unguwanninku waɗanda ba mu san inda suke ba, wanda Allah ya hore wa kuma ya sayo rigar ruwa ko da guda ɗaya ya aiko da ita. Littafin sunaye yana hannun sakatare a bakin ƙofa, mai son shiga ya tsaya kafin ya fita.

Allah ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Damagaram. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da sharrin ruwa da na iska, ya dawo da matafiyanmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu. Amin.

Wassalamu alaikum.