Taswirar Ruwa: Mu San Rijiyoyinmu Kafin Mu Haƙa Sabuwa

Jawabi ga kwamitocin ruwa na ƙauyuka



Dukanmu mun san ƙauyen da aka kashe kuɗi masu yawa aka haƙa masa burtsatse, bayan rani biyu ta ƙafe. Mun kuma san unguwar da ke da famfon tuƙa-tuƙa uku kusa da juna, alhali a ruga ta gaba mata da yara suna sammako zuwa rafi. Sau da yawa rashin sani ne ke jawo wannan: mai kawo taimako bai san inda rijiyoyi suke ba, bai san wadda ta lalace ba, bai san abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba. Shi ya sa yau za mu yi magana a kan taswirar kwamfuta da ake kira GIS.

Ku ɗauka muna da takardu masu shara-shara. A ta farko an zana ƙauyuka da yawan mutanensu. A ta biyu an sa ɗigo a kan kowace rijiya. Ta uku ta nuna irin dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa, ta huɗu kuma masai, juji da fadamu. In aka ɗora su ɗaya bisa ɗaya, sai a ga komai a lokaci guda. Abin da kwamfuta ke yi ke nan. Na'urar GPS, wadda yanzu take cikin wayar hannu, ita ke ba da ainihin wurin kowace rijiya. Manhajar QGIS kyauta ce, hotunan tauraron ɗan adam na Landsat ma kyauta ne tun 2008.

Amfaninta na farko shi ne adalci. A farkon shekarun 2000 ƙungiyar WaterAid ta bi rijiyoyi ɗaya bayan ɗaya a wasu gundumomin Malawi ta sa su a taswira. Sai aka ga sababbin rijiyoyi suna ta zuwa wuraren da dama suna da ruwa, wasu wuraren kuwa an bar su haka nan. Ƙa'idar Sphere ta masu aikin agaji ta ce famfon tuƙa-tuƙa ɗaya na mutum 500 ne, kuma kada gida ya yi wa wurin ɗibar ruwa nisan da ya wuce mita 500. Da taswira a hannu, kowa zai ga ƙauyen da ya kamata a fara da shi.

Na biyu shi ne zaɓen wurin haƙa. A yawancin Kano, Kaduna da Filato dutse ne mai tauri a ƙasa, ruwa yana taruwa ne a tsaguwar dutse da inda ya ruɓe. Don haka wata rijiya ta ba da ruwa, ta kusa da ita ta fito busasshiya. A yankin Tafkin Chadi kuwa ruwan yana kwance cikin yashi, hawa-hawa. Taswira tana kuma nuna kusancin masai, wanda ya kamata ya yi wa rijiya nisan aƙalla mita 30.

Na uku, wanda ya fi muhimmanci, shi ne kiyaye ruwan domin jikokinmu. A shekarun 1950 da 1960 an haƙa burtsatse da yawa a Borno waɗanda ruwansu ke ɓulɓulowa da kansa ba tare da famfo ba. An bar da yawansu suna kwarara dare da rana, ƙarfin ruwan ya yi ta raguwa, wasu suka daina. Ruwan ƙasa kamar rumbu ne: in ɗiba ta fi zubi, zai ƙare. Awon da ake sa wa a taswira shekara bayan shekara shi ke yin gargaɗi da wuri.

Sai dai taswira ba ta gani har hanji. A 2013 aka sanar da gano ruwa mai yawa a ƙarƙashin Turkana a Kenya da taimakon tauraron ɗan adam, amma gwajin 2015 ya nuna gishirin ruwan Lotikipi ya yi yawa, ba ya shawuwa. Dole ne a yi awon ƙasa kafin haƙa, a kuma gwada ruwan bayan haƙa.

To, ga abin da muke roƙon kowane kwamiti:

1. Ku rubuta kowace rijiya, burtsatse da tafki, da shekarar haƙa da zurfi.
2. Ku nuna wadda ke aiki, wadda ta lalace da dalilin lalacewarta.
3. Ku auna nisan ruwa da igiya mai ƙulli a kowace mita, a ƙarshen damina da kuma tsakiyar bazara.
4. Ku tambayi mata da makiyaya, domin su ne suka san rijiyar da ke fara ƙafewa.
5. Ku liƙa kofen taswirar a inda kowa zai gani, ku kai wani ga sashen ruwa na ƙaramar hukuma.

Kwamfuta ba ta san komai ba sai abin da muka gaya mata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka mu fara awon tun wannan ranin.