Allurar zafi ta kwanta? Duba ta kafin ka bar Lome

 Yau maganarmu a kan wani ɗan ƙarfe ne da bai kai babban yatsa ba, amma in ya mutu kana iya rasa injin gaba ɗaya.

A makon jiya na shiga wani gareji a Amutive tare da kawuna. Tsohuwar Marsandinsa ce mai shan gas, wadda yake kai kaya arewa da ita, ya dawo da raguna. Wata biyu ke nan allurar zafi tana kwance a ƙasa, ko motsi ba ta yi. Na ce, "Kawu, ba ka tsoro?" Ya ce, "Ai tunda ba ta hau ja ba, mota lafiya lau." To, nan fa kuskuren yake. Allurar da ta mutu ba ta ce maka injin na da sanyi ba. Shiru kawai ta yi.

Ƙarfen da ke motsa allurar, makanikan Lome na ce masa sond, na Najeriya su ce sensa. Ana ɗaura shi a kan injin, yawanci kusa da inda babban tiyon lagireto na sama yake fitowa, bakinsa cikin ruwa. Ruwa na yin zafi, yana ƙara barin wuta ta wuce, allura na hawa. Lafiyayyen injin gas yakan zauna wajen digiri 80 zuwa 90.

Amma ka kula, ba shi kaɗai ne a wurin ba. A tsofaffin motoci, mai waya ɗaya yawanci shi ne na allura. Akwai wani mai tayar da fanka, in motarka mai fankar lantarki ce. Wasu motocin kuma suna da wanda ke gaya wa filogin ɗumama injin tsawon lokacin da za su yi da safe. Mutane da yawa sun sayi sabo, aka canja wanda ba shi ne ya lalace ba.

Ga gwajin da yaron gareji ya yi a gabanmu, kai ma za ka iya. Injin a kashe. Cire wayar daga kan sond ɗin. Wani ya murɗa makulli har fitilun gaba su kama, kada ya tayar da mota. Sai ka taɓa bakin wayar a jikin ƙarfen injin, daƙiƙa ɗaya ko biyu kawai, don in ka daɗe kana iya ƙona allurar. In ta yi sama zuwa ja, to waya da allura lafiyarsu ƙalau, sond ne ya mutu. In ba ta motsa ba, bi waya, duba fiyus, kada ka sayi komai tukuna. Kuma kafin duk wannan, kankare bakin wayar. Iskar teku ta Lome tana cin ƙarfe, sau da yawa tsatsa ce kawai. Wannan gwaji na mai waya ɗaya ne. Mai waya biyu, a bar wa mai mita ya auna.

In canji ya kama, jira injin ya huce sarai. Buɗe murfin lagireto da zafi ya ƙona mutane ba iyaka. Kwance tsohon, tafi da shi hannunka wurin masu kayan gyara, a ba ka irinsa daidai. Wani zai shiga ramin tsaf, amma ba na allurarka ba ne, sai ta riƙa yi maka ƙarya. Kada a naɗe zaren da farin tef na masu famfo, domin ta jikin zaren yake haɗuwa da ƙarfen injin. A ɗaure a hankali, tagulla ce, tana karyewa. Sannan a cika ruwa, a fitar da iska, a bar mota ta yi zafi kana kallon allura tana hawa har ta tsaya a tsakiya.

Abu ɗaya kada ka manta: ko sabon sond, ruwa yake ji. In ruwa ya zube, allura na iya nuna ƙasa alhali injin na dahuwa. Saboda haka duba ruwa kowace safiya da idonka.

Daga Lome zuwa Sinkase ya fi kilomita 600, ga hawan Aledjo tsakanin Sokode da Kara, inda mota mai lodi take shan wuya. In injin ya ƙone a can, ga dabbobi a baya cikin rana ba ruwa, ga ranar kasuwa ta wuce ka, ga kuɗin janwe. Kawu dai ya biya kuɗin sond, muka tafi.

Sai mako mai zuwa. Allah ya kiyaye hanya, ya sa a sauka lafiya.