JAWABI: Hanya Ba Ta Mai Mota Ce Kaɗai Ba



Duk wanda ya san Potiskum ya san gari ne na kan hanya. Babban titin da ya tashi daga Kano zuwa Maiduguri ta nan ya ratsa, ga manyan motoci dare da rana, ga kasuwar shanu ta ran Laraba wadda ake lissafta ta cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Amma fa yawancin masu bin titin nan ba su da mota. Manomi ne bisa kekensa, da ɗan makaranta, da mai turin baro, da tsohuwa mai zuwa asibiti. Ba a ware musu wurin bi ba, sai su raɓa gefen kwalta suna kasada da rayukansu.

A shekarar 2012 aka hana hawan babur a garin saboda rikicin Boko Haram, dokar kuwa ta daɗe kafin a ɗage ta. A wannan lokaci mutane da yawa suka koma ga keke, da Keke Napep, da tafiyar ƙasa. Watau in wuya ta yi wuya, keke shi ne dokin talaka: ba ya shan mai, gyaransa kuma ba ya fin ƙarfin aljihu. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, wannan magana ta ƙara fitowa fili.

'Yan'uwa mazauna Kudu sun ga abin da ake yi a can. A Ikko akwai gadojin tsallaka titi a Ojota da Oshodi, kuma a 2018 aka tsara wa jihar manufa ta musamman domin masu tafiya a ƙasa da masu keke. A wannan shekara ce kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ran 3 ga Yuni ta zama Ranar Keke ta Duniya.

Abin da Potiskum ke bukata bai kai tsadar gada ba. A yi daɓe a gefen titi domin masu tafiya, a rufe bakin kwalbatoci, a shata wurin tsallakawa a ƙofar makarantu da kasuwa da asibiti, a sa tudun rage gudu. Sa'an nan a dasa darbejiya, domin mai tafiya cikin zafin bazara inuwa yake nema. 'Yan tireda su ma a ba su wurin da ya dace, kada su cinye daɓen.

To, ƙungiyoyin 'yan Arewa da ke Agege da Sabo ta Badun da sauran wurare suna da baki. Ya kamata su rubuta wa Ƙaramar Hukuma da wakilansu na Majalisar Jiha a Damaturu, su nemi a sa wannan aiki cikin kowace kwangilar titi tun ba a zuba kwalta ba. Iyayensu da 'ya'yansu ne ke bin gefen titin nan kullum. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyaye hanya, amin.