Masu Murya Da Masu Jita: A Yaba Wa Mutum Tun Yana Ji

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Kwanakin baya na je Magama, bakin iyakar Jibiya, inda motocin Maraɗi ke tsayawa kafin su tsallaka Ɗan Isa. Ina zaune teburin mai shayi ina jiran abokina, sai ga matasa sun yi cincirindo kan waya ɗaya, ana kallon fassarar Indiya. Jarumi na can yana jibgar mutane, su kuwa maganar Bahaushen da ya ari bakinsa ce ke kashe su da dariya. Muryar nan na san ta tun ina ajin ƙarshe na sakandare, na ji ta a finafinan da ban san iyakarsu ba. Sai na ce, "Don Allah wa ya san sunan mai wannan muryar?" Shiru kake ji. Amma sunan jarumin Indiyan, har na matarsa sai da suka kawo min.

To, abin ya tsaya min a rai. Mu dai mun san sunan kamfani, irin su Algaita ta Kano, shi ke nan. Alhali aikin nan ba wasa ba ne. Mutum zai kulle kansa a ɗaki, ya ƙura wa leɓen ɗan wasa ido, ya nemo Hausar da za ta shige daidai buɗewar baki da rufewarsa. In jarumi ya yi kuka ya yi kuka, in ya fusata ya fusata, ya maimaita jimla ɗaya har sai ta zauna. Kuma dole maganar ta yi kama da wadda za ka ji a tasha ko a majalisa, in ba haka ba mai kallo ya canza fim. Na san akwai ƙorafi. 'Yan Kannywood sun daɗe suna cewa fassara ta taɓa musu kasuwa, iyaye kuma na kukan wasu kalaman sun yi nauyi a kunnen yara. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. A yi gyaran, amma a san cewa wannan sana'a ce, kuma gwani ke yin ta.

Ana cikin haka wani direban Maraɗi ya kunna kiɗa a motarsa. Jita ce ke gudu, ganga na bin ta, har mai shayi ya fara kaɗa kai. Na tambaye shi, ya ce 'yan Agadas ne, Etran de L'Aïr, wato Taurarin Abzin. Na koma gida na bi diddiginsu.

Kun ga a Turai da Amurka ana kiran su masu tasowa, amma tun 1995 suke kiɗa. 'Yan gida ɗaya ne, dangin juna. Da suka fara, jita ɗaya gare su wadda ba ta lantarki ba, gangarsu kuwa ƙwarya ce a kife cikin ruwa ana bugun ta da takalmi. Shekara da shekaru suna zagaya gidajen biki a Agadas. Sai a 2018 wani ƙaramin kamfani na Amurka, Sahel Sounds, ya fitar da kundinsu na farko. Na biyu mai suna Agadez ya fito a 2022, na uku kuma, 100% Sahara Guitar, a 2024. Lissafa ka gani, shekara 23 kafin duniya ta waiwaye su.

Kada kuma wani ya ce wannan harkar Nijar ce, ba ruwanmu. Mdou Moctar, wanda yau jaridun duniya ke yabon jitarsa, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, da salon waƙoƙin finafinan Hausa. Ta Bluetooth da memori waƙoƙin suka yaɗu, daga waya zuwa waya. Fassararmu na tsallakawa Maraɗi, jitarsu na gangarowa Katsina.

Mutanen Jibiya sun fi kowa sanin zafin rufe iyaka. An rufe a Agustan 2019, tamu ba a buɗe ba sai Afrilun 2022. Ba a gama farfaɗowa ba aka yi juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, aka sake garƙamewa har Maris ɗin 2024. Direbobi, 'yan dako, masu abinci, kowa ya ji a jikinsa, ga kuma matsalar tsaro. Duk tsawon lokacin nan, murya da kiɗa ba su daina tsallakawa ba.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Hanyar da ke yaɗa aikin ita ce ke hana mai aikin cin guminsa. Ka ba mai tura finafinai ɗan canji ya cika maka memori, shi ya samu, kai ka more, wanda ya ƙarar da maƙogwaronsa fa? Kullum muna cewa matasa su nemi sana'a su bar zaman banza. To ga waɗanda suka nema, mu kuma ko sunansu mun kasa riƙewa.

Don haka roƙona kaɗan ne. Masu kamfanonin fassara, ku riƙa rubuta sunayen masu murya ɓaro-ɓaro a farkon fim. Mu masu kallo, in da hali mu kalla a tashar masu aikin ta YouTube. In za ka tura waƙa, tura ta da sunan mai ita. In kuma akwai yaro a unguwarku mai kwaikwayon muryoyi ko mai koyon jita, kafin ka kira shi ɗan iska, zauna ka saurare shi tukuna.

Ni dai na ɗaukar wa kaina alkawari, sai na nemo sunan mai muryar nan, na kawo muku shi a shiri. Wanda ya riga ni sani ya taimaka mana. Sai mun haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.