Amsoshin Wasiƙunku: Wace Irin Rigar Ruwa Ta Dace Da Maharbi?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Ngaski ta Jihar Kebbi, can wajen Wara a bakin tafkin Kainji. Ya ce noma ne sana'arsa, amma ya gaji harbi wurin mahaifinsa, kuma da damina yakan shiga daji saboda gyazbi da gadu masu yi masa ɓarna a gona, wani lokaci kuma ya haye gungu da kwalekwale neman dinya. Ya ce sau biyu yana sayen rigar ruwa. Ta farko ta kece cikin mako guda, ta biyu kuwa in ya sa ta sai ya jiƙe sharkaf da gumi kamar bai sa komai ba. Shi ne yake tambaya, wace iri ya kamata ya saya?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa taka. Abin da ya same ka ba abin mamaki ba ne, domin yawancin rigunan ruwan da ake ratayewa a kasuwar Yelwa ko ta Wara an yi su ne don ɗan kabu-kabu da mai gadi, wato mutanen da ke zaune ko tsaye wuri ɗaya ruwa na dukansu. Kai kuwa tafiya kake yi, ka yi sanɗa, ka ratsa ƙaya, ka shiga jirgi. Ga shi ƙasarku tana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, fiye da na Sakkwato nesa ba kusa ba, kuma cikin watan Agusta in marka ta kankama sai a wuni ana yi. Saboda haka sai ka yi wa riga tambayoyin da ɗan gari ba ya yi mata.

Kafin ka taya kuɗi, ka kama hannun rigar ka murza shi kusa da kunnenka. In ka ji tana ƙara kamar ledar sukari, ajiye musu abarsu. Gada tana jin wannan ƙarar tun kana nesa, duk sanɗarka ta tashi a banza. Ka nemi mai laushi, wadda aka shafe yadinta da roba ta ciki. Sannan ka juya ta ka dubi ɗinkin kafaɗa da na wuya, domin ta nan ruwa ke fara shiga, ba ta tsakiyar yadi ba. Mai kyau za ka ga an bi bayan ɗinkin da wani siririn ƙyalle an liƙe. In mai kaya ya yarda, ka zuba mata ruwan buta a kan ɗinkin ka ɗan jira ka gani.

Batun gumi kuwa tsohon ciwo ne. Tun a shekarar 1823 da wani mutumin Sikotilan mai suna Charles Macintosh ya ƙirƙiro yadi mai roba a tsakiya, masu sa shi suke kukan zafi, domin abin da ya hana ruwa shiga shi zai hana gumi fita. Sai a 1969 wani Ba'amurke, Bob Gore, ya gano abin da ake yin yadin Gore-Tex da shi, mai ƙananan ƙofofin da tururin jiki ke iya fita amma ɗigon ruwa ba ya shiga. Irin wannan yana da tsada, sai dai jefi-jefi a dace da shi wurin masu gwanjo, kuma ko shi a zafi da laimar bakin Kwara ba ya yin aikin da yake yi a ƙasar sanyi. Shawararmu ita ce ka bar mai wando da riga, ka sayi irin wadda ake zurawa ta kai kawai, gefe da gefe a buɗe, tsawonta iya gwiwa. Iska na shiga ta ƙasa, bindiga da burgami suna samun mafaka a ƙarƙashinta, in ruwa ya tsananta kuma ka ɗaure ta tsakanin itatuwa biyu ta zama rumfa. Kakanninmu da suke saƙa kabido da kaba su ɗora malfa a ka, wannan dabarar suka bi, ruwa ya zurare, jiki ya sha iska. Malfa ma har gobe ta fi hular da ke haɗe da rigar ruwa amfani ga maharbi, don ita wannan hular toshe kunne take yi, ga ƙarar ruwa a kanta, ba ka jin motsin komai a bayanka.

Akwai wani dalili da ya fi waɗannan nauyi, musamman gare ku mutanen bakin ruwa. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye dazuzzuka da tsofaffin garuruwa, kututturan itatuwa suna nan a ƙarƙashi, ga hadarin damina da kan taso da iska ba sallama. Ba sai mun tuna muku abin da ya faru kusa da Wara a watan Mayun 2021 ba, da jirgi ya nutse da mutane masu yawan gaske. Mutumin da ya faɗa ruwa sanye da doguwar riga mai zif da maɓallai, da wandon roba, da dogon takalmi, ko da ya iya iyo kamar Basarke, kayan za su ɗaure masa hannu da ƙafa. Don haka dokar ita ce, in za ka shiga kwalekwale ka cire takalmin ka ajiye a gefe, rigar kuma ta zama wadda hannu ɗaya zai fizge ta ta kai. In kana da halin sayen rigar nan ta kariya mai hana nutsewa, ita ce ta jirgi, ta ruwan sama ta jira sai an sauka.

A tudu kuwa dogon takalmin roba shi ne abin da za mu ce ka fara saya tun kafin riga, in kuɗin ba su isa biyu ba. Damina lokacin macizai ne, ciyawa ta rufe hanya, kuma yawancin saran kububuwa da kasa a ƙafa ne, daga idon sawu zuwa ƙwauri. Takalmi mai kauri da ya kai kusa da gwiwa yana rage wannan haɗari ƙwarai, ko da yake ba tabbas ba ne. Ka saye shi da ɗan yalwa yadda safa mai kauri za ta shiga, ka riƙa kife shi a kan sanda ya bushe, kuma kullum ka zazzage shi kafin ka zura ƙafa saboda kunama. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure tamau, a nufi asibiti. Kada kuma wani ya ruɗe ka cewa takalmin roba yana kare mutum daga tsawa. Ba ya yi. In ana walƙiya ka fita daga ruwa, ka nisanci doguwar itaciyar da ke tsaye ita kaɗai, ka kwantar da bindiga nesa da kai.

Sai launi. Nan muna roƙonka da babbar murya, kada ka sayi mai dabbare-dabbare irin ta soja, ko da a gwanjo ka same ta da araha. Hukuma ta hana farar hula sa kayan soja, ban da haka kuma tun bayan sace ɗaliban makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, duk wanda aka hango ya fito daga daji da bindiga cikin irin wannan shiga, ba lalle a tsaya tambayarsa ko ɗan gidan wane ne ba. In kai kaɗai kake fita, ruwan ƙasa ko kore marar ƙyalli ya wadatar. In kuwa kuna da yawa, ka ɗaura jan ƙyalle ko mai ruwan lemo a malfarka. Maharban Amurka da gangan suke sa riga mai ruwan lemo don kada su harbi juna, saboda dabbobi dangin barewa da gada ba sa bambance ja da kore sosai, motsi da ƙara da wari suke kula. Tsuntsaye dai suna ganin launi sarai, in dinya ka fito nema sai ka cire ƙyallen.

Ba ka tambaye mu batun albarushi ba, amma in bindigar toka gare ka, shi ya fi ka bukatar rigar ruwa. Yana jan laima ko ruwa bai taɓa shi ba. Ka zuba shi a ƙaho ko ɗan gora mai murfi, ka sa a leda biyu tare da ashana da batirin tocila. In ya jiƙe kada a shanya shi kusa da murhu. Albarushi mai laima yakan yi jinkirin tashi, saboda haka in ka ja kunama ba ta tashi ba, ka ci gaba da riƙe bakin bindiga wajen da babu kowa, kada ka leƙa ciki. Bakin nata ka rufe shi da 'yar leda, ka tsare shi daga taɓo, domin bindigar da laka ta toshe tana iya fashewa a hannu. Mai baka shi ma ya ɓoye tsirkiyarsa, ta fata in ta sha ruwa saki take yi.

Muna kuma tunatar da kai cewa gandun dajin gwamnati na Kainji, wanda aka kafa a 1979 da haɗe dajin Borgu da na Zugurma, haramun ne yin farauta a cikinsa rani da damina. Dabbobi da yawa kuma da damina suke goyo, in ka ga uwa da 'ya'ya ba a gonarka ba, ka ƙyale ta.